Rabin Kwanon Inna

Matamaye, 6 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanwata Aziza,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Rabi'u da jaririyar da har yanzu ban gani ba sai a hoto. Yaya jego, yaya Arlit? Mu nan lafiya lau. Matar yayanki Najaha tana gaishe ki. An koma lakwal, makaranta ta cika, bana an ba ni ƴan shekarar farko na kwaleji, yara masu kaifin kai, sai dai in ka ce ɗaya ya fito allo kamar ka ce ya shiga rijiya.

Kin ce in riƙa yi miki bayani ta waya. Na gwada. Duk abin da na faɗa a tsakar gidan nan, kafin la'asar ya isa Dungu wurin dangin Inna, ga shi kuma ni in ina magana daga tsakiya nake farawa. Shi ya sa na koma ga abin da na iya. Isufu direba zai riƙa kawo miki, in zai juyo ki ba shi amsa.

Farkon abin kin sani. Inna ta faɗi a bakin murhu, muka kai ta asibitin nan, aka tura mu Damagaram, aka ɗauki hoton kanta, likita ya ce hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa. Hannun hagu da ƙafar hagu sun shanye. Baki kuwa, alhamdu lillahi, yana nan, har ya fi da.

Mun dawo da ita ɗakinta. Mun jawo gadon daga jikin bango don Najaha ta sami wurin zama ta damanta, inda hannu ke aiki. Ta nan ake ba ta abinci da magani, masu dubiya ma ta nan suke zagayawa. Ni kuwa kin san wurina, bakin ƙofa. Ɗan fari ba ya wuce nan. Kullum in na taso daga aiki nakan durƙusa in gaishe ta a hankali, in shimfiɗa tabarma in yi ta gyaran takardun yara har a kira magariba. Ba ta kallona, ba ta amsawa. Wannan ba sabon abu ba ne wurin matar da tun da ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, ni dai «wancan» ne. Har na ce wa Najaha, wadda ciwo bai mantar da ita kunyar ɗan fari ba, hankalinta yana nan daram. Abinci ma tana ci, sai dai rabi take ci ta bar wa jikoki rabi, irin na tsofaffi.

To ga abin da ya hana ni sakewa. Likita ya ce a mayar da ita Damagaram ta zauna wasu makonni wurin masu motsa gaɓoɓi, kuma ya ce gwargwadon saurin farawa gwargwadon abin da za a ceto. Kawu Lawwali kuwa, da yake shi ne ƙanenta kuma babban gidansu yanzu, ya ce Dungu za a kai ta. Wai akwai wata mata can mai gasa jiki da ganye, ga ƴan'uwa mata da za su karɓa wa Najaha. Bai yi ƙarya ba, Najaha ta gaji. Ita kuma Inna duk wanda ya tambaye ta jiki sai ta ce lafiyarta lau, ba ta san dalilin da ya sa aka tsare ta a gado ba.

Ke ce auta, da ke take sakin jiki. Me kike gani?

Yayanki,
Munkaila

*

Arlit, 13 ga Oktoba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Mun sami takardarka, muna lafiya. Jaririya tana ta ƙiba, hancinta irin naka ne, Allah ya ba ta haƙuri. Rabi'u yana gaishe ka. Ya ce ko a takarda sai an gane malamin makaranta ne, saura kaɗan ka sa mini tambayoyi a ƙarshe.

Na karanta sau biyu. Ni dai a ganina in likita ya ce Damagaram, to Damagaram. Gashin ganye ba gudu zai yi ba, ana iya yinsa daga baya. Amma wa zai zauna da ita can? Kai kana da aji, Najaha tana da yara, ni ban yi arba'in ba, kuma Rabi'u ya ce ko na yi ba zai bar ni in bi hanyar nan da ɗanyen goyo ba. In na tuna wannan sai in ji kamar Kawu ne mai gaskiya. In na tuna hannun kuma sai in dawo wurin likita. Ka ga ban taimake ka da komai ba.

Abu ɗaya dai, kada ku yanke a zaure ku maza. Ku tambaye ta. Inna ba yarinya ba ce, matar da ta yi shekaru tana sarin gyaɗa ita kaɗai ta san abin da take so.

Maganar abinci ce ban gane ba. Gaskiya ne tana rage wa yara, amma loma biyu take ragewa, kuma sai ta kira wanda take so ta ba shi a hannu. Rabin kwano kuma? Ko miyar ce ba gishiri saboda hawan jinin? Ka ce wa Najaha ta ƙara daddawa.

In na kira wayar Najaha, Inna gaisuwa kawai take yi ta ce in kula da jaririya. Ina jin akwai mutane a kanta. Zan sake gwadawa.

Na ba Isufu ɗan dabino da man zafi.

Ƙanwarka,
Aziza

*

Matamaye, 24 ga Oktoba

Aziza,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Mu ma lafiya, sai dai ƙaramin Najaha ya yi zazzaɓi ya warke.

Shiru ban ji ki ba, Isufu kuma bai dawo ba. Na ce ƙila kin bar mana ne mu manya, don haka da Kawu ya zo ran Juma'a ban ce a jira ki ba.

Mun shiga wurinta. Kawu ya zagaya ya zauna ta damanta, ni ina bakin ƙofa. Ya yi mata bayanin Dungu, sai ta ce, «To, a kai ni. Zaman me nake yi a nan?» Wannan magana ta soke ni, amma na daure na ce, Inna, likita fa ya ce Damagaram ta fi. Na maimaita, har na ɗan ɗaga murya, abin da ban taɓa yi a ɗakinta ba. Ko kanta ba ta juyo ba. Kawu ya ce ai na ji, uwa ba za ta yi musu da ɗan fari a gaban mutane ba, shirun nan shi ne amsata. An tsayar in ya gama ɗaure gero zai turo mota.

Da a ce nan abin ya tsaya da na haƙura. Amma Inna tana ramewa, Aziza. Awarwaron da ba ya fita a hannunta yanzu har gwiwar hannu yake zuwa. Tana barin rabin abinci, sannan ta ce wa masu dubiya yunwa take kwana da ita, wai an rage mata kwano. Najaha ta ji da kunnenta, ta shiga madafa ta yi kukanta. Ni da kaina na ga tulin tuwon da take zuba mata.

Shekaranjiya ta ce a ba ta madubi da kwalli. Ta rangaɗa wa idon dama, ta shafa mai a kuncin dama, ta miƙo madubin ta ce ta gama. Matan da suka zo dubiya suka yi ta dariya suna cewa tsohuwa ta fito da sabon yayi. Jiya kuma ta kama hannunta na hagu ta ce wa Najaha ta ɗauke hannun yaron nan da aka ɗora mata, ya yi nauyi. Kawu da ya ji ya ce ga shi nan, iska ce, kuma asibiti ba ya maganin iska. Ni da nake koya wa yara yadda jini ke zagaya jiki, ni ma na kasa gane wane irin ciwo ne wannan.

Ina cikin naɗe takardar nan sai ga Isufu, wai motarsa ce ta lalace a Agadas. Na karanta taki. Ashe ba shiru kika yi ba. Kin ce Damagaram, kin kuma ce a tambaye ta. To an tambaye ta, ta ce Dungu. Yanzu wanne zan bi a cikin maganganunki biyu?

An ƙara daddawar tun kafin ki faɗa. Rabin nan dai yana nan.

Munkaila

*

Arlit, 1 ga Nuwamba

Yaya,

Muna lafiya. Ina fatan kuna lafiya.

Ban san yadda zan fara ba, kuma ba zan iya faɗa maka a waya ba. Jiya na kira, Najaha ta kara wa Inna wayar a kunne ta fita ɗaukar wani abu. Da Inna ta ji ɗakin ba kowa sai ta rage murya ta ce, «Auta, yayanki tafiya ya yi ne?»

Na ce wace tafiya? Ta ce tun da aka dawo da ita daga Damagaram ba ta sa ka a ido ba. Wani lokaci takan ji kamar muryarka daga can tsakar gida, amma ba ka shigowa. Ba ta iya tambayar kowa, don wace uwa ce za ta buɗe baki ta ce ina ɗan farinta. Ta ce ta yi ta lissafi ita kaɗai: mai gida ya daina leƙowa, matar gida ta rage kwano, to ta gane ta zama kaya. Shi ya sa da Kawu ya ce Dungu ta amsa, don kada sai an kai ga faɗa mata. Ta ce kada in gaya maka. Ga shi na gaya maka.

Yaya, kai ka rubuta mini da hannunka cewa kullum kana bakin ƙofarta har magariba. Ita kuma ta ce ko sau ɗaya. Ban taɓa kama ka da ƙarya ba, ita ma haka. In aiki ne ya yi maka yawa ka rubuta abin da kake so ka yi maimakon abin da kake yi, ka faɗa mini, ba zan ga laifinka ba sosai. In kuma akwai abin da ya shiga tsakanin Najaha da Inna, shi ma ka faɗa. Ina nan nesa da jaririya a hannu, ina karanta takardar mutum ɗaya ina jin muryar wata, kamar ba gida ɗaya suke ba.

Kada a sa ta a motar nan tana ganin korarta aka yi. Ko Dungu ko Damagaram, wannan ne ba zan yafe ba.

Aziza

*

Matamaye, 8 ga Nuwamba

Ƙanwata,

Na sami takardarki, Allah ya sa kuna lafiya. A lakwal Isufu ya same ni, na karanta a tsaye, na shiga aji na rubuta darasin makon jiya a allo, sai da yara suka faɗa mini.

Ban yi miki ƙarya ba. Tabarmar tana nan, har ta yi shatin zamana. Na tambayi Najaha ko ni ne na fara ruɗewa, ta ce in ni ban zauna a ƙofar nan ba to wa take tsallakewa kullum da kwanon ruwa. Ita kuma ba ta rage komai ba, kuma ina roƙonki kada ki bari ta ji kin yi wannan tunanin.

Na juya abin ta kowace fuska. Na ce ko fushi take da ni don na kawo maganar Damagaram, amma ai ta ce tun dawowarmu ne. Na ce ko idon ne, amma da safen nan ta hango zare a bakin zanen Najaha ta ce a cire. Na ce ko mantuwa ce, amma ta tuna wa Kawu iyakar gonar kakansu har da bishiyar da ke kan iyakar. Jiya na zauna na yi tari da gangan. Ba ta motsa ba. To amma da can ma in na yi tari ba ta motsawa. Ta yaya zan bambanta rashin kallon da na saba da shi tun ina yaro da wani rashin kallon daban? Iri ɗaya suke a ido.

In kanta ne ya taɓu, to «a kai ni» da ta ce wa Kawu ba magana ba ce, bai kamata a bi ba. In kuma kanta lafiya lau, to tana ganina tana cewa ba ta gan ni ba, wannan kuwa ban san sunansa ba. Har na fara cewa ko Kawu ne ya fi mu gani.

Ya aiko cewa gero ya shiga rumbu, mota za ta zo ran Lahadi. Isufu sai Litinin zai tashi, ke nan kafin ki karanta wannan an riga an yi duk abin da za a yi.

Munkaila

*

Matamaye, 10 ga Nuwamba

Aziza,

Gaisuwa kuma. Waccan takardar ba ta tafi ba, sai na haɗa miki su biyu. Ki karanta su bi da bi, kada ki tsallake.

Jiya Asabar ba aji, don haka ina gida lokacin abincin rana. Sai na lura ban taɓa ganin Inna tana ci ba tun da ta kwanta, kwanon kawai nake gani in an fito da shi. Najaha ta ɗora mata tire a cinya. Ina daga ƙofa ina kallo. Ta ci ɓangaren dama tas, ta suɗe gefen kwanon da yatsa, ta tsaya. Tuwon da ya rage ya yi gefe miƙaƙƙe kamar an yanka da wuƙa. Ba ta tura kwanon ba, ba ta kira wani jika ba. Cewa ta yi, ɗan wannan ne abincin yau?

Maganarki ta faɗo mini, cewa mai ragewa kira take yi ta bayar a hannu. Na yi wa Najaha alama ta juya kwanon. Ta dube ni kamar na zare, amma ta juya, tuwon ya koma dama. Inna ta ce, «Yauwa, yau an tuna da ni,» ta cinye.

Na fita waje na kira likitan Damagaram. Ya ce wannan sananne ne ga wasu masu irin ciwonta. Ido lafiya lau, hankali lafiya lau, amma ƙwaƙwalwa ta daina kula da duk abin da ke hagu, kwano ne, fuska ce, hannunta ne, ko mutum. Har cewar da take yi lafiyarta lau, ya ce daga ciwon ne. Ya ce masu motsa gaɓoɓi suna da yadda suke koya wa mutum waiwayawa, ba a cika alkawarin komai ba, amma ana samun sauƙi. Ya tambaye ni me ya sa ba mu faɗa ba tun tuni. Na ce mun ɗauka ladabi ne. Sai ya tambaye ni ko ni ne ɗan fari.

Ƙofar ɗakin Inna tana hagunta, Aziza. Wata guda da wani abu ina zaune a inda babu ni.

Da la'asar na cire takalmi na shiga. Na zagaya ƙarshen gadon. Najaha ta matsa, na durƙusa ta dama, kusa har ina jin ƙamshin man zafin da kika aiko. Inna ta gan ni. Ta dube ni sosai, irin duban da ban taɓa samu ba, sannan ta ja mayafi ta rufe rabin fuska ta kau da kai. Wannan kau da kan na gane shi, ba irin na kwanakin nan ba ne.

Ba ta yi mini magana ba, Najaha ta yi wa. Ta ce a tambayi wancan yaushe ya dawo. Na ce ban je ko'ina ba, kullum ina bakin ƙofa. Ta ce wa Najaha ƙofar ai ba kowa a cikinta. Najaha ta kama haɓarta a hankali ta juya mata kai har ta hango tabarmar da tulin takardun yara da jan alƙalamina a kai. Ta daɗe tana kallo.

Na yi mata bayanin kwano da na likita, da sauƙi, yadda zan yi wa ƴan ajina. Ban san nawa ta ɗauka ba. Ta ce ita ba ta ga abin da ya sami kwanonta ba, kuma ƙafarta gajiya ce kawai. Sai na ce to gobe motar Kawu za ta zo, in Dungu take so ni da kaina zan kai ta, amma ba wanda ya gaji da ita a gidan nan.

Ta gyara mayafi ta ce wa Najaha a aika wa Lawwali ya bar motarsa, kada ya ƙona mai a banza. Na ce Damagaram fa? Ta ci gaba da gyaran mayafi har na ɗauka na sake ɓacewa. Can ta ce:

«Ni lafiyata lau, ba abin da zan je yi asibiti. Amma ki gaya wa wancan, in yana da wata hidima a Damagaram, sai in raka shi.»

Kawu ya zo da safen nan ba mota, ransa a ɓace. Na juya kwanon koko a gabansa ya gani. Ya ce shi dai har yanzu bai cire iska ba, amma ba zai ja da yayarsa ba, in an dawo a kawo ta gashi. Na ce to.

Wa zai zauna da ita can, har yanzu ban sani ba. Najaha za ta fara, wata ƴar Kawu ta karɓe ta, bayan nan sai abin da Allah ya yi. Gobe zan je wurin darekta in nemi izini. Ki shafa mini kan jaririya, ki gaida Rabi'u. In kin kira Inna kada ki ce mata asibiti za a kai ta. Rakiya za ta yi, ni kuma yanzu sai in nemo hidimar da zan ce ina da ita a Damagaram.

Yayanki,
Munkaila